Aku Yana Nan, Mu Ne Muka Tsufa



Waɗanda suka tashi a Limancin Kona da sauran unguwannin birnin Zazzau cikin shekarun 1980 ba za su manta da yadda yara kan yi cincirindo a ƙofar mai akwatin talbijin ba, domin kallon Magana Jari Ce da Samanja Mazan Fama daga tashar NTA Kaduna. Yau ga wasannin sun dawo mana cikin wayar hannu, amma duk wanda ya sake kallonsu da furfura a gemu ya san abin da yake gani ya bambanta.

Mu ɗauki Magana Jari Ce, wadda aka ciro daga littafin Alhaji Abubakar Imam, editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da ƙuruciya, abin da ya dame mu shi ne aku ya buɗe baki mu sha dariya. Sai yanzu muka lura da dalilin labaran nasa. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, aku kuwa yana jan hankalin Musa ɗan Sarki da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarko. Ashe labarin amana ne. Ma'aikacin da aka taɓa bar wa makullin ofis, da ɗan kasuwar da ya taɓa bar wa yaronsa rumfa ya tafi fatauci, su ne suka san nauyin abin da aka ɗora wa tsuntsun nan.

Haka Samanja. Dā gurɓatacciyar Hausar bariki muke jira. Yanzu kuwa magidanci muke gani, wanda ke tsawa a filin fareti, ya koma gida ya tarar da ɗawainiyar iyali irin tamu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a zaurukan Kona. Almajiri yakan biya Risala yana yaro, ya wuce babin ciniki da na gado kamar iska. Ran da ya kafa rumfa, ko ya binne mahaifi, ya dawo gaban malam, sai ya ji kamar jiya aka rubuta babin dominsa.

Akwai kuma abin da ke sanyaya jiki. Malam Ƙasimu Yero, ɗan Zariya, ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. Allah Ya jiƙansu. Suna nan a hoto da ƙuruciyarsu, alhali da yawa daga waɗanda muka zauna tabarma ɗaya da su muna kallo sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce, kada mu kalli wasannin nan mu kaɗai. Mu zaunar da 'ya'yanmu, mu bar su su yi dariyarsu, sa'an nan mu tambaye su me ya sa aku ya hana Musa fita. In ba su gane yau ba, shekaru za su fassara musu.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa.