Damfarar da Netflix ya saya

Tun da Netflix ya saki shirin Inventing Anna a watan Fabrairun 2022, masu yaba masa suka riƙe magana ɗaya: wai daɗinsa shi ne ganin 'yar talaka ta kutsa cikin attajiran New York ta yi wasa da hankalinsu. Wai ta tona asirin bankuna da manyan otal-otal, ta nuna cewa sutura suke dubawa kafin su dubi mutum. A takaice, ɓarawo ya saci na ɓarawo, mu kuwa 'yan kallo babu ruwanmu. Wannan magana kwaskwarima ce aka yi wa zamba, kuma shirin ne da kansa ya shafa ta.

Anna Sorokin an haife ta a Rasha a 1991, iyayenta suka koma Jamus tana budurwa, mahaifinta ya taɓa tuƙin babbar mota. Ta sauka New York da sunan Anna Delvey, tana cewa gadon miliyoyi na jiran ta a Turai. Ta nemi rancen dala miliyan 22 da takardun bogi don buɗe wani kulob na masu zane-zane, ta yaudari wani banki ya ba ta dala 100,000, ta kwana a otal ba ta biya ba, ta hau jirgin haya ba ta biya ba. A 2019 kotu ta same ta da laifi, aka yanke mata shekara 4 zuwa 12. Ina tona asiri a nan? Mai tona asirin attajirai ba ya kashe abin da ya samu wajen sayen irin tufafinsu. Anna so take ta zama ɗaya daga cikinsu, kuma ko a zaman kotu sai da aka samo mata mai zaɓar mata kayan sawa.

Sai a dubi wadda ta fi jin jiki. A lokacin, Rachel Williams ma'aikaciya ce a sashen hotuna na mujallar Vanity Fair, albashi take ci. A 2017 Anna ta gayyace ta Marrakesh a ƙasar Maroko, suka sauka a otal ɗin La Mamounia, da lokacin biya ya yi katin Anna ya ƙi aiki. Rachel ta miƙa nata bisa alƙawarin za a mayar mata, aka bar ta da bashin kusan dala 62,000, fiye da albashinta na shekara. Wannan shi ne ainihin zamba cikin aminci. Amma je ka ga yadda shirin ya fito da ita: makwaɗaiciya, mai bin ƙawa don cin banza, wadda ta sayar da aminiyarta da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da sunanta na gaskiya aka yi mata haka, alhali 'yar jaridar da rahotonta ya haifi shirin, Jessica Pressler, an sakaya nata sunan an kira ta Vivian Kent. Rachel ta maka Netflix a kotu a 2022 kan ɓata suna.

Za a ce ai kotu ta wanke Anna daga tuhumar da ta shafi Rachel, kuma Rachel ta rubuta littafi ta samu kuɗi. Duka gaskiya ne. To don ta samu kuɗi daga baya, sai ya zama ba a cuce ta ba?

Nan ne dabarar irin waɗannan shirye-shirye take. Ba za ka iya zama kashi tara kana bin ɗan damfara da shauƙi ba sai an fara sauke maka nauyin wanda aka cuta. Don haka dole a mai da shi wawa ko makwaɗaici, har ka ce shi ya ja wa kansa. Mai kallo yana samun riba biyu: ya ji daɗin wayon, sannan ya ji cewa da shi ne, da tuni ya gano ta. Mun san wannan daɗin tun muna yara a tatsuniyar Gizo, sai dai mai tatsuniya ba ta taɓa cewa Gizo yana gyaran duniya ba, kuma sau da yawa da kunya yake ƙarewa. Mun kuma san shi a bakin waɗanda, da harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufta da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, abin da suka iya faɗa kawai shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. Karin maganar tana da gaskiyarta, amma ta zama hanyar wanke hannu. Shi ya sa mutum zai rasa jarinsa ya yi shiru, ya fi tsoron dariya fiye da asarar.

Masu cewa kallon yana koya wa mutane kiyaye kansu su ma sun yi nisa da gaskiya. Damfarar da ke cin mutane yau saƙo ne a waya da kiran wani mai cewa daga banki yake. Ba ta da kiɗa, ba ta da jarumar shirin, Julia Garner, da baƙin tabarau.

Batun kuɗi kuma ya fi komai tsayawa a rai. An ƙiyasta abin da Anna ta cinye da kusan dala 275,000. Netflix ya biya dala 320,000 don labarinta. Dokar jihar New York da ke hana mai laifi cin ribar laifinsa ta sa aka yi amfani da mafi yawansu wajen biyan diyya da tara da lauyoyi, wato kamfanin ne ya biya mata bashin da kotu ta ɗora mata. Abin da ta fi nema tun farko, suna, shi kuwa babu dokar da ta iya ƙwace shi. A 2024, tana tsare a hannun hukumar shige da fice ta hanyar na'urar sa ido da aka ɗaura mata a ƙafa, gidan talabijin na ABC ya sa ta a gasar rawa ta Dancing with the Stars. Ta fito da na'urar an yi mata ado da duwatsu masu ƙyalli don ta dace da rigarta.