"Line" Ba Kullum Take Zama Layi Ba

Masu iya magana kan ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya dace da wata kalmar Ingilishi da muka saba da ita har muka daina tsayawa mu dube ta, wato "line", wadda Hausa ta ara ta mayar da ita "layi". Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe mun ɗauka duk inda Bature ya ce "line" sai mu rubuta layi, shi ke nan an gama fassara. A nawa ra'ayin wannan ganganci ne, kuma ya kamata mu bar shi tun muna makaranta.

Bari mu fara da inda harsunan biyu suka yi tarayya. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda hanyar Jos ta rabu da wadda ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna, kuma mutane suka kira ta layin dogo. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 sai aka sami layin waya. A unguwarmu, Mararaban Rido, wadda ke kusa da matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, babu wanda bai san layin mai ba a lokutan ƙarancinsa. Duk waɗannan Ingilishi ma zai iya kiran su "line".

To amma "line" tana da ma'anoni da layi bai ɗauko ba. Idan Bature yana maganar waƙa, abin da yake nufi shi ne ɗango. Idan wanki ne, igiyar shanya ke nan. A bakin masunci zaren fatsa ce, a bakin soja kuma bakin daga. Idan ana zancen gidan sarauta, zuriya ake nufi. Wanda ya tambaye ka "line" ɗinka na aiki, sana'arka yake tambaya. A asibiti kuwa, idan likita ya ce a sa wa majinyaci "line", yana nufin a sa masa allurar da ake ƙarin ruwa da ita a jijiya. Tafintan da ya juya ya ce wa 'yan uwan majinyaci su je su shiga layi, ai ya jawo ɓata lokaci a kan rai.

Haka kuma layi ya yi 'ya'yansa a Hausa waɗanda Bature bai san su ba. Muna cewa gidanmu yana layi na uku, muna nufin titin cikin unguwa. A kasuwa akwai layin 'yan hatsi da layin mahauta. Wanda ya kauce daga zancen da ake yi, ko ya lalace, sai a ce ya saki layi. Mayar da waɗannan kalma da kalma zuwa Ingilishi abin dariya ne kawai.

Wani zai ce ai mutanen Kudancin Kaduna, Bajju da Atyap da Ham da Adara da sauranmu da muka koyi Hausa a kasuwa da makaranta, muna gane juna da layin nan ko yaya aka yi amfani da shi. Gaskiya ne, a hira. Amma fassarar labarai a rediyo, ko ta kotu, ko ta takardar magani, ba hira ba ce, domin mai sauraro ba shi da damar cewa a maimaita.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da mu riƙa karanta jimla gaba ɗaya kafin mu zaɓi kalma. Idan mun buɗe ƙamus, ko na Bargery na 1934 ne ko na Jami'ar Bayero na 2006, kada mu tsaya a ma'ana ta farko mu rufe. Malamanmu kuma su riƙa ba mu kalma ɗaya a jimloli goma mu fassara. Allah ya sa mu dace.