Raddi ga Mai Cewa Kiɗan Intanet Ba Shi da Mai Shi

Wata magana tana yawo tsakanin matasan da ke tallan taki, iri da maganin feshi a TikTok da Facebook, daga Funtuwa zuwa Bakori, Ɗandume da Malumfashi. Mai ita yana cewa duk kiɗan da aka samu a intanet halas ne a ɗora shi kan bidiyon talla. Bari mu bi hujjojinsa.

Ya fara da kiɗan da rumbunan intanet ke bayarwa ba tare da neman kaso ba, ya ce ba shi da mai shi. Malam, rabin gaskiya ka faɗa. Doka ba ta hana amfani da shi ba, amma abin da aka yafe maka shi ne biya duk lokacin da aka kalli bidiyon. Mallaka tana hannun mai ita. Kamar hayar gona ce: ka biya kuɗin damina ka noma, amma gonar ba ta zama taka ba, kuma sharaɗin da aka gindaya yana kanka. Cikin lasisin Creative Commons, wanda wasu rumbunan ke bayar da kiɗa a ƙarƙashinsa, akwai wanda ya hana kasuwanci ƙarara, akwai wanda ya wajabta ambaton mawaƙi. Wanda ya ɗaga buhun waken suya yana faɗin farashi kuwa kasuwanci yake yi, ko da a tsakar gidansu ya ɗauka. Shi ya sa TikTok ta ware wa asusun 'yan kasuwa rumbun kiɗansu daban.

Hujja ta biyu ta fi ci mini rai. Wai Alhaji Mamman Shata ya rasu, don haka waƙoƙinsa sun zama na kowa, balle mutanen Funtuwa da ya zauna cikinsu. Shata ya rasu a 1999. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai ita, wato zuwa ƙarshen 2069. Haƙƙin na magada ne, kuma faifan da aka naɗa yana da tasa kariyar ta shekara 50. In kuma ka ce wannan dokar boko ce, to Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da ba a taɓawa sai da izini. Hukuncin kiɗan kansa babi ne daban, na malamai.

Batun rubuta "waƙar ba tawa ba ce" a ƙasan bidiyo ba ya buƙatar dogon bayani: shaida ce ka bayar a kan kanka. Haka zancen wai ɗaukar daƙiƙa 30 kacal na waƙa ba laifi ba ne, babu shi a dokar.

Ƙarshe ya ce wa zai zo Malumfashi ya kama shi? Ba sai kowa ya zo ba. YouTube tana da manhajar Content ID da ke gane sauti, Facebook ma yana da irinta. Sai a toshe bidiyon, ko a kashe sautinsa, ko kuɗin talla ya koma aljihun mai waƙa. Dokar 2022 ta kuma ba mai haƙƙi damar aika takarda a sauke abin. A YouTube, gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka cikin kwana 90 na iya rufe tasha gaba ɗaya, da bidiyoyinta da mabiyanta, ko da ana tsakiyar kakar masara.