Kalmomin kotu ma darasi ne da ya kamata a koyar a lakwal

A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Mun yi murna, amma duk wanda ya shiga kotun Madawa, Buza ko Keita ya san takardu har yanzu da Faransanci ake rubuta su, manomi kuma sai ya jira tafinta. Ra'ayina shi ne mu malamai da iyaye kada mu zauna jiran ranar da za a fassara kundin laifuffuka. Akwai kalmomi kaɗan da rashin saninsu ke jawo wa talaka asarar gona ko ta ƴanci, kuma za mu iya koyar da su yau.

Mu fara da tsarewa a hannun jandarma ko ƴan sanda, wadda takarda ke kira garde à vue. A laifuffukan yau da kullum wa'adinta awa 48 ne, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Wanda aka tsare tuhumarsa ake yi, alƙali bai ce ya yi laifi ba tukuna. Amma a garuruwanmu da zarar an ga mutum a motar jandarma an gama yanke masa hukunci a bakin kasuwa, har ƴaƴansa su riƙa shan gori a aji.

Sai sakin talala. Mutum ya dawo gida, dangi su yi ta barka, ya ɗauka magana ta ƙare, ya kama hanyar ci-rani zuwa Libiya ko Abijan. Alhali shari'arsa tana nan, kuma in aka kira bai zo ba ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa. Wankewa daban take, ita ce alƙali ya ce ba a same shi da laifi ba. Haka ma ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wato sursis: an same ka da laifi, an jingine zaman kaso ne kawai. In ka sake wani laifi cikin shekara 5, tsohon ɗaurin zai iya faɗo maka tare da sabon.

Ɗaukaka ƙara kuwa tana da wa'adi. A ƙananan laifuffuka kwana 10 ne. Iyali na can suna neman kuɗin mota da shawarar dattawa, sai ƙofar kotun ɗaukaka ƙara ta Tawa ta rufe. Mutane da yawa ba su ma san akwai hukumar ANAJJ, da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali da shawarar shari'a da lauya ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gona. A fadamun Tarka da Majiya, inda albasa ta sa ƙasa ta yi tsada, aro da haya da jingina da sayarwa kowanne da hukuncinsa, kuma kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna ba da takardar shaida daban ga kowanne. Uba ya jinginar da gona a shekarar yunwa, ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba, bayan rasuwarsa magada su tarar an rubuta sayarwa.

Wasu abokan aiki za su ce manhaja ta riga ta cika, mu kuma ba lauyoyi ba ne. Gaskiya ne, ban ce mu ba da fatawa ba. Amma muna da darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, kuma yaron kwaleji shi ne ke karanta wa mahaifinsa takardar sammaci a tsakar gida. In yaron nan ya san bambancin tuhuma da hukunci, ya san a duba wa'adi, ya ceci gida guda.

Shawarata ita ce kowace makaranta ta gayyaci magatakardan kotu ko wakilin kwamitin filaye sau ɗaya a shekara, a yi bayani da Hausa, iyaye ma su zo su zauna. Ku kuma iyaye, kafin ku sa yatsa a kowace takarda, ku sa ɗanku ya karanta muku ita har ƙarshe.