Koken Masu Walda da Haɗa Injuna na Damargu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Damagaram.

Mu masu walda da haɗa injuna na Tanut, Gangara, Olelewa da Belbeji muke kawo kukanmu gabanka.

Sana'armu ba ɓoyayya ba ce. Mu ke ƙera amalanke da garma, mu ɗora injin niƙa a kan ƙafarsa, mu haɗa akwatin lantarkin famfon sola da garuruwa da makiyaya ke shan ruwa a kansa. A ƙasar da rijiya ke da zurfi irin Damargu, in famfo ya tsaya kwana ɗaya, raƙuma da shanu sun cika bakin rijiya suna kuka.

Akwatunan yanzu suna zuwa da layin waya a ciki, ana kunna famfo a kashe shi daga nesa. Saboda haka masu ba da kwangila suka fara neman takardar shaida cewa ɓarawon intanet ba zai iya kutsawa ba, cewa an sauya lambar sirrin da na'urar ta zo da ita, kuma an san wanda ke riƙe da ita. Ba mu ƙi ba. Mun san da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet, muna kuma girmama ta.

Amma, ranka ya daɗe, wa zai ba mu shaidar? Takardun sharuɗɗan da Faransanci suke, yawancinmu kuwa a bakin maƙera muka yi karatu. Mai dubawa sai an je Yamai, kuɗin mota da masauki sun cinye ribar aikin tun kafin a fara shi. Da farko kwangila ta kuɓuce mana ta koma hannun baƙi. Daga nan muka sallami yaran shago, wasunsu suka bi hanyar Agadas. Ƙarfen da muka ɗauko bashi yana nan jibge, tsatsa na cinsa.

Tun kafin kakar bara muka kai kuka ofisoshin da abin ya shafa, muka sake komawa da rani, har yau shiru.

Muna roƙo a turo masana su horar da mu a Tanut da Belbeji, a fassara sharuɗɗan da Hausa, a buɗe wurin duba na'ura a Damagaram, a kuma ba mu wa'adin shiri kafin a rufe mana ƙofar kwangila. Wannan duk yana cikin ikonka.

Allah ya ja zamaninka.

Masu walda da haɗa injuna na Damargu