Paris zuwa Brussels: tafiyar awa guda da ke cinye wa matafiyan Douala wuni

Tsakanin filin jirgin Charles de Gaulle na Paris da na Zaventem a Brussels kilomita 250 ne kawai, kusan nisan Douala zuwa Yaoundé a mota. Jirgin sama na yin ta cikin awa guda ko ƙasa da haka. Wanda ya baro Douala ya riga ya shafe kusan awa 7 a sama, ya ci kilomita 5,000, don haka yakan ɗauka saura ƙiris.

A New Bell wannan lissafi ya shafi aljihun mutane. Daga unguwar Hausawa akwai masu zuwa Brussels sayen tsofaffin motoci a titin Heyvaert, waɗanda ake lodinsu a tashar ruwan Antwerp zuwa Douala. Akwai ɗalibai, akwai masu ziyarar dangi. Abin da aka fi dubawa wajen mai sayar da tikiti shi ne farashi, kuma tikitin da ya fi araha yawanci shi ne mai yada zango.

Fiye da shekara 20 ke nan Air France ta daina tashi tsakanin biranen biyu. Fasinjanta jirgin ƙasa mai gudu yake shiga daga cikin filin Charles de Gaulle zuwa tashar Bruxelles-Midi, tafiyar awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna. Amma kafin ya kai ga jirgin ƙasan sai ya bi layin 'yan sandan kan iyaka, domin a Paris ne yake shiga yankin Schengen. Tun 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen yankin suka fara aiki da tsarin EES, inda ake ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙo maimakon buga hatimi a fasfo. Jiragen Afirka da yawa da asuba suke sauka, kusan lokaci guda, layin kuwa ba ya la'akari da agogon jirgin ƙasa. Tikitin da ya ba da ratar awa ɗaya da rabi a Paris caca ce.

Babban tarkon ma yana wajen biza. Mai fasfon Kamaru na buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin Faransa ba, sai dai idan yana riƙe da biza irin ta Amurka ko Kanada. To amma wannan sassauci na zango ɗaya ne. Wanda ya nufi Montréal da tikitin da ya bi ta Brussels sannan Frankfurt, gajeren tashin da ke tsakanin biranen biyu tafiyar cikin gida ce a dokar Schengen, dole sai da cikakkiyar biza. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kimanin sefa dubu 59, ban da jiran ranar ganawa. Idan babu ita, tun a filin jirgin Douala za a hana shi hawa, domin kamfanin ne ke biyan tara in ya kai fasinja marar takardu.

Ga mai zuwa Brussels, Brussels Airlines na tashi daga Douala ba tare da zango a Turai ba. Ko da tikitinta ya ɗara tsada, ya kamata a auna bambancin da kuɗin kwanan otal a Paris da sabon tikitin jirgin ƙasa idan na farko ya wuce.