Ciwo Mai Naci Da Alƙalamin Likita

Duk wanda ya san rayuwar manoma a Zango da Ɓaure da sauran ƙasar Daura, ya san yadda ciwon baya da ƙugu da gwiwa ke addabar mutane, musamman bayan noman damina. Wasu sukan shekara biyu ko uku suna fama. A kan irin waɗannan majinyata, waɗanda ciwonsu ya wuce wata uku amma ba na daji ba ne, ra'ayin likitoci ya rabu biyu: a rubuta masu magunguna masu ƙarfi na dangin ofiyom, wato su tiramol da kodin da mofin, ko kuwa a hana su?

Masu cewa a yi hattara suna da hujja mai ƙarfi. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da ƙwayar OxyContin a Amurka, aka riƙa tallata ta ga likitoci a kan cewa ba ta cika kama mutum ba. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotu, amma kafin nan ɓarna ta riga ta yaɗu, kuma dubban ɗaruruwan mutane sun halaka a annobar da ta biyo baya. Wani bincike da aka buga a can a 2018 ya bi majinyata 240 masu ciwon baya ko gwiwa ko ƙugu har shekara guda, ya tarar cewa waɗanda aka ba dangin ofiyom ba su fi sauran samun sauƙi ba. Dalili kuwa a fili yake: jiki yakan saba da maganin, abin da ya isa bara ba zai isa bana ba, in kuma aka tsayar da shi farat ɗaya sai mutum ya shiga wata azabar.

A Nijeriya ma ba labari ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayu na 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

To, amma ɗaya ɓangaren likitocin su ma ba zancen banza suke yi ba. Mai cutar sikila, idan ciwo mai tsanani ya taso masa, farasitamol kaɗai ba ya isarsa. Tsoho mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba zai iya daɗewa yana shan su ibufurofen ba, domin za su ƙara masa lahani. Sau da yawa tsoron zargi yakan sa malamin asibiti ya ɗauki irin wannan majinyaci tamkar ɗan ƙwaya, ya sallame shi yana murƙususu.

A nan gizo ke saƙa. Majinyacin da aka sallama ba gida yake komawa ya haƙura ba. Zango tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma ranar kasuwa ba a rasa mai tallar ƙwaya. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramol mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda hukumar NDLEA ta sha kamawa a hannun 'yan fasa-ƙwauri mai 200 ne ko 225, wanda kan jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Hana magani ba tare da ba da madadinsa ba, gudun gara ne a faɗa zago.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta fitar da ƙa'ida ɗaya da kowane ɗakin shan magani zai bi. A fara da binciken tushen ciwo, da gashi da motsa jiki, da magunguna marasa sa maye. In ya zama tilas a ba da dangin ofiyom, likita ɗaya ne zai rubuta, kaɗan, na 'yan kwanaki, a shigar cikin rajista, a sa wa majinyaci ranar dawowa. Wanda maganin ya riga ya kama, a rage masa sannu a hankali, kada a kore shi. Masu sikila kuma a ba su kati da asibitin da ya san su.

Bugu da ƙari, ya kamata a tura masu aikin gashi zuwa ƙananan hukumomi, domin bai dace manomin Zango ya kashe kuɗin buhun gero a mota kafin ya ga mai duba bayansa ba. Hakimai da dagatai da limamai su taimaka wajen tona masu tallar ƙwaya a kasuwanni. Ɗaliban aikin likita da na jinya kuwa, a koya masu tun suna makaranta cewa sauraron mai ciwo yana cikin magani. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma yi wa masu duba su jagora.